Tsoron Da Ake Saya Da Kuɗi

Akwai wata sana'a da manoman Amurka suke yi da kaka, wadda in ka ba mutumin ƙauye labarinta zai ce ka fara zuƙi-ta-malle. Manomi zai shuka masara, ya yanka hanyoyi masu murɗe-murɗe a cikinta, wata ta ɓulle wata ta toshe, in ta yi tsayi ta shanye mutum sai ya kafa ƙofa yana karɓar kuɗi, jama'a su shiga don kawai su ɓata. A shekarar 1993 aka fara irin wannan a garin Annville na jihar Pennsylvania, a gonar da ba ta wuce eka 3 ba, amma a 2014 sai ga wata a Dixon ta jihar Kalifoniya mai eka 60, har ta shiga kundin Guinness.

In watan Oktoba ya kama, ana shirin bikinsu na Halowin da suke yi ran 31 ga wata, sai abin ya koma na dare. A jera kabewa an fafe mata ido da baki, a ɗauki samari aiki su yi shigar fatalwa su laɓe cikin kara, kana tafe a duhu sai wani ya diro maka da zarto mai inji yana ruri. Mutane su yi ta kururuwa, su fito suna dariya. A 2011 ma wasu iyali sun ɓata a irin wannan gona a jihar Massachusetts, suka buga wa 'yan sanda waya, cikin 'yan mintoci aka fito da su.

Ni da nake rubuta labaran aljanu ina sayarwa ba zan ga wautarsu ba, don na san tsoro yana da kasuwa. Ballantana mu ma mun yi namu, kyauta. Dangin mahaifiyata mutanen Babban Duhu ne, cikin ƙaramar hukumar Safana, a bakin dajin Rugu. Na taɓa sa sunan garin a wani littafina, wata mai karatu ta rantse ni na ƙirƙiro shi don in tsorata su. To wallahi gari ne, da mutanensa da masallatansa.

Can ake kai mu hutu muna yara. In an yanke gero dawa ta rage a tsaye, sai mu kutsa cikinta neman takanɗa, ko mu tafi roron gyaɗa mu biyo ta gonakin da ba ka hango komai sai kara da sama. Yayyenmu maza su shafe fuska da toka, su rufa da buhu, su laɓe kusa da dodon gona, muna zuwa su yi gurnanin kura. Mu watse, takalmi nan, ƙwarya can. Da dare a farin wata ana cin tumu, kakata ta ɗauko tatsuniyar Dodo, mu maƙale a jikinta muna roƙon ta daina, in ta daina kuma mu ce ta ci gaba.

Abin da ya sa wannan tsoro yake da daɗi shi ne kowa ya san ƙarshensa. Mai buhun nan yayanka ne, tuwo yana jiranka a gida. Baturen da ya biya kuɗi shi ma ya san akwai ƙofar fita.

Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya na gida. A ƙasar Batsari da Safana tsoro ya baro daji ya shigo har ɗaka. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13, da Safana da Batsari a ciki. Ka ga wanda ya ɓata a lokacin, wa zai kira? Dawar da muke ɓuya a cikinta don wasa, ita mata suka koma kwana cikinta da goyo, suna toshe bakin jariri kada ya yi kuka. Ita ce kuma maɓoyar mai bindiga. Tsawon kara da manomi yake alfahari da shi ya zama abin fargaba.

'Yar ƙanwar mahaifiyata ta zo wurina da 'ya'yanta ta yi wata biyu. Wani dare na ce bari in yi musu tatsuniyar Dodo kamar yadda aka yi mana. Babu wanda ya ko motsa. Amma da wani ɗan acaɓa ya wuce ta bayan gida, sai ƙaramin ya shige ƙarƙashin gado, ya ƙi fitowa sai da uwarsa ta jawo shi. Ranar ban iya rubuta ko layi ɗaya ba.

A 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a Batsari da Safana. Allah Ya sa alheri. Ni dai ma'aunina ɗaya ne, ranar da yaron Babban Duhu zai ji motsi cikin dawa ya ruga da gudu yana dariya, ranar zan yarda lafiya ta dawo.

Ku sa mutanen yankin nan cikin addu'a. Allah Ya tsare manoma a gonakinsu, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, amin.