Kewaya Farin Tsauni

Hanyar ƙafa da ta kewaye tsaunin Mont Blanc, a tsaunukan Alps na Turai, ta kai kimanin kilomita 170, kuma mai bin ta kan yi kwana goma zuwa sha ɗaya kafin ya koma inda ya tashi. Tana ratsa ƙasashe uku: Faransa da Italiya da Suwizalan. Shi kansa tsaunin ya zarce mita 4,800, amma matafiyi ba ya hawa ƙololuwarsa. Gindinsa yake kewayawa, yana dubansa ta fuskoki dabam-dabam.

Daga ƙauyen Les Houches na tashi, a lokacin bazararsu, bayan ƙanƙara ta janye daga mashigai. Kullum tsarin ɗaya ne: hawa da safe, gangara da yamma, kwana a wani kwari. A mashigin Seigne, mai tsayin mita 2,516, na tsallaka zuwa Italiya ba tare da an nemi takarda ba. Kwarin Veny ya shimfiɗe a gabana, shanu masu ƙararrawa a wuya suna kiwo a gangare, tsaunin kuma ya sauya suna ya koma Monte Bianco. Ma'anar dai ɗaya ce, wato farin tsauni. Bayan Courmayeur na haye babban mashigin Ferret na gangara La Fouly da Champex a Suwizalan, sannan mashigin Balme ya mayar da ni kwarin Chamonix.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kunne ne ya kamo shi. A wani ƙauye na ɓangaren Italiya na ji dattawa biyu suna hira da harshen da ba Faransanci ba ne, ba kuma Italiyanci ba. Shi ne wanda masanin harshe Graziadio Ascoli ya raɗa wa suna Franco-Provençal a 1873. A da, da kare-karensa ake magana a dukkan kwaruruwan da na ratsa, domin makiyaya da fatake sun riga masu shata iyaka bin waɗannan mashigai. Yankin Savoy ma sai a 1860 ya zama na Faransa. A yau harshen yana da sauran ƙarfi a kwarin Aosta na Italiya, amma a ɓangaren Faransa da Suwizalan ya kusa zama na tsofaffi kaɗai. Makaranta da ofis da kasuwa sun fifita daidaitaccen Faransanci, iyaye kuma suka daina yi wa 'ya'yansu magana da harshen kakanni.

Nan ne tunanina ya koma gida. Mu ma iyaka ta ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi, da tsakanin Daura da Damagaram, kuma mukan yi alfahari cewa ba ta raba harshenmu ba. Gaskiya ne, Hausa ba ta cikin haɗarin mutuwa. Sai dai abin da ya faru a gindin wannan tsauni yana nuni da cewa karin harshe yana iya shuɗewa a cikin gida, ba hayaniya, idan yaro ya fahimci maganar kakarsa ba ta da gurbi a aji. Sakkwatanci da Gobiranci da Arewanci suna ɗauke da kalmomi da sigogin nahawu waɗanda Daidaitacciyar Hausa ba ta adana ba, kuma babu mai ba mu tabbacin cewa jikoki za su gaje su.

Wanda ya tsaya a Chamonix kaɗai zai rantse ya san Mont Blanc, alhali fuska ɗaya ya gani. Ta ɓangaren Courmayeur tsaunin ya fi tsini da baƙin dutse, kamar wani ne dabam. Haka nake ganin nazarin Hausa da aka tsayar a kan karin Kano: ingantacce ne, amma bai gama kewayen ba. Sauran aikin yana ƙauyuka, a bakin tsofaffi, kuma da ƙafa ake isa gare shi tun suna raye.