Jitar Gareji da Jitar Abalak

A Amurka, ba rashin kuɗi ke sa mutum ya haɗa jitar lantarki da hannunsa ba, don sau da yawa abin da zai kashe ya fi kuɗin sabuwa mai araha a kanti. Sha'awa ce kurum. Leo Fender ne ya share wa masu wannan sha'awa hanya tun 1950, lokacin da ya fito da jita mai jikin katako marar rami, wadda ake ɗaure wuyanta da sukurori huɗu. Yau sai mutum ya sayo wuya, da tsirkiya, da maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke mai da rawar tsirkiya ta zama lantarki, ya shige gareji.

Haɗawar ba ta cin lokaci, fenti ne aikin. A goge katako, a toshe ƙofofinsa, a fesa launi, a bi da man ƙyalli shafi bisa shafi, a rataye jitar makonni ta bushe, sannan a yi ta gugar ruwa har mutum ya ga fuskarsa. Launukan ma daga fentin motoci kamfanin Fender ya aro su. Abin mamaki, tun 1995 kamfanin ke sayar da sababbin jitoci da aka kankare da gangan don su yi kama da tsofaffi, kuma da tsada.

A gida lamarin daban ne. Mdou Moctar, Ba'abzinen da ya fito daga yankin Abalak a Nijar, da guntun katako da wayar birkin keke ya yi jitarsa ta farko, ga shi iyayensa ba sa son kiɗa. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda ya fara. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda kuntigin Ɗan Maraya Jos ma gwangwani ne da fata. A nan ba mai tambayar ƙyalli. Tambaya ɗaya ce, tana magana?

Ba ina kushe masu gareji ba ne. Haƙurinsu ya cancanci koyi, kuma fenti na kare katako daga gumi da laima. Sai dai su jitar ce burinsu, shi ya sa da an gama ɗaya ake soma wata. Namu kuwa kiɗan suke nema, da sun samu ta kanti sai su ajiye ta gida su ci gaba da kiɗansu.