Kwalliyar da Ta Kusa Cinye Mana Gem



Duk wanda ya tsaya a teburin kulob ɗin kwamfuta ranar rabon kyaututtuka ya ga gem ɗin da muka haɗa, na ɗan madugu da raƙuminsa. Tun daga ranar ake tare mu a hanyar aji ana tambayarmu: me ya sa tafiyar ta ƙare a Damagaram, alhali kun ce har Bilma za a je ɗauko gishiri? Mun gaji da cewa lokaci ne bai isa ba, domin wannan rabin gaskiya ce. Ga cikakkiyar amsar.

Mu biyar ne, duk 'yan aji biyar, maza uku mata biyu. A farkon zango Malamin Kwamfuta ya ce za a ba kulob ɗinmu teburi, kuma saura mako 10. Ɗakin kwamfuta kuwa Talata da Alhamis ake buɗe mana shi bayan an tashi, awa ɗaya ɗaya. Ke nan awa 20 muke da ita, in ba a ɗauke wuta ba. Wannan lissafin yanzu muke yin sa. A lokacin ba wanda ya yi.

Mun zaɓi irin gem ɗin da ake kira RPG. Shi ne wanda mai wasa ke shiga rigar wani jarumi, ya yi yawo gari-gari, ya yi magana da mutane, ya sayi kaya, ya yi faɗa in ta kama, ƙarfinsa na ƙaruwa har labari ya ƙare. A namu labarin, madugu ne ya kwanta rashin lafiya, ɗansa ya ja ayari daga Kasuwar Kurmi ta Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas, ya tsallaka sahara zuwa Bilma. Gari huɗu, ciniki a kowace kasuwa, lissafin ruwan salka, ga 'yan fashi a hanya. Da manhajar Scratch muka yi niyyar gina shi, tunda ita ce a kwamfutocin makaranta, kuma tana aiki ko ba intanet.

Akwai ɗaya a cikinmu da Allah ya ba hannun zane. A makon farko ya zana ɗan madugu cikin shuɗiyar riga mai aska takwas, da rawani mai ƙyalli, da takalmin fata. Ya zana raƙumi har da gashin ido da igiyar akala. Muka taru a bayansa muna ta "kai! kai!" Daga ranar kowa ya zama mai ba da shawara. Waɗanda ya kamata su rubuta umarnin gem ɗin suka bar kujerunsu, wannan ya ce a ƙara inuwa, waccan ta ce a sa wa raƙumi ƙararrawa.

Abin da ba mu gane ba shi ne, a cikin gem kowane taku hotonsa daban. Yaron yana tafiya gabas da yamma, kudu da arewa, kuma mun ce kowace fuska hoto shida don tafiyar ta yi laushi. Hoto 24 ke nan, kuma a kowanne sai an sake zana aikin rigar. Raƙumi ma haka. A mako na huɗu muka ga shuɗi yana ɓacewa cikin inuwar rumfunan kasuwa, muka ce a mayar da rigar fara. Aiki ya koma baya.

A mako na shida Malam ya shigo da wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya, ya zaunar da ita gaban kwamfuta, ya ce kada wanda ya yi mata bayani. Ta danna maɓalli, yaro ya taka, amma kwamfutar tana tsayawa tana ci gaba saboda nauyin hotuna. Ta nufi mai goro, bai ce mata komai ba, don ba mu rubuta masa magana ba. Ta fita ƙofar gari, sai allo ya zama fari fat. Ta juyo ta ce, "Yaya, ina zan je yanzu?"

Ba wanda ya amsa. Ɗayanmu ya ce, "Ba ki ga aikin rigarsa ba?" Ta matso da fuskarta ta duba, ta ce, "Au, aiki ne? Na ɗauka datti ne a gilashin." A kan allo duk tsawon yaron bai wuce babban yatsa ba.

Mun zaci Malam zai yi faɗa. Sai ya ja kujera ya ce, "Ku zauna in ba ku labarin tukunyar fure."

A watan Satumba na 2010, kamfanin Square Enix na Japan ya fitar da Final Fantasy XIV, gem ɗin RPG da dubban mutane ke bugawa tare ta intanet. A irin wannan gem, duk abin da ka gani an gina shi ne da ƙananan fale-fale da ake kira foligon, kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye su zama riga. Yawansu shi ke ƙara kyau, kuma shi ke ƙara wa kwamfuta nauyi. To, a cikin wannan gem akwai wata tukunyar fure da aka ajiye don ado kawai. An gina ta da foligon kusan 1,000, da layi 150 na umarnin da ke tsara yadda haske zai sauka a kanta. Nauyinta daidai da na jarumin da mutum ke wasa da shi. Saboda irin wannan kwalliya, mutum 20 kacal ake iya nunawa a kan allo lokaci guda, a gem ɗin da daɗinsa shi ne taron jama'a. Ga kuma sauran matsaloli na sarrafawa da ƙarancin abin yi. Masu wasa suka watse, kamfanin ya nemi afuwa, ya shafe fiye da shekara bai karɓi kuɗin wata-wata ba. A Disamba 2010 aka miƙa aikin ga Naoki Yoshida. A Nuwamba 2012 suka rufe tsohon gem ɗin, a Agusta 2013 suka fito da sabo da aka sake ginawa daga tushe, kuma shi ne ya karɓu. Yoshida da kansa ne ya nuna hoton tukunyar a wani taron masu haɗa gem a Amurka a 2014.

Malam ya ce, "Su suna da kuɗin sake gini. Ku mako huɗu gare ku."

Nan fa rigima ta tashi. Uku daga cikinmu suka ce a jefar da hotunan gaba ɗaya. Mai zanenmu ya miƙe ya ce, "Wato wahalar da na sha a banza? Ba ku ne kuka ce a ƙara inuwa ba?" Gaskiya ya faɗa. Shi ya riƙe linzamin kwamfuta, amma mu duka muka yi ta zuga shi. Ranar Alhamis bai zo ba. A aji ma ya daina zama kusa da mu. Sai muka ga ba gem kaɗai za mu rasa ba.

A ƙarshen mako ɗaya daga cikin matanmu ta ari wayar yayanta ta yi ta bincike, ta dawo mana da labarin Dragon Quest na farko. An fitar da shi a Japan a 1986, a na'urar Famicom ta Nintendo. Duk gem ɗin kilobayit 64 ne, wato hoto ɗaya da waya ke ɗauka yau ya ninka shi sau da yawa. Don wurin ya isa, jarumin kullum gaba yake kallo, ko ina ya nufa. In kana son magana da wani, sai ka zaɓi ɓangaren da yake. Amma dodannin da ake faɗa da su, waɗanda Akira Toriyama mai Dragon Ball ya tsara, an nuna su manya a tsakiyar allo, domin a nan mai wasa ke tsayawa ya ƙura ido. Yuji Horii da abokan aikinsa sun yi tsumulmula a inda ido ke wucewa, suka kashe abin da suke da shi a inda ido ke zama.

Da wannan labarin muka je wurin mai zanenmu. Muka fara ba shi haƙuri. Sannan muka ce ba jefar da rigar za a yi ba, wuri za a canja mata.

Ranar Talata muka raba allo gida uku: dole, in da hali, sai wata shekara. Ƙarƙashin dole muka sa abin da in babu shi babu gem: tafiya, magana, ciniki, ruwan salka da ke raguwa, da ƙarshen labari. Agadas da Bilma suka faɗa gida na uku. Ba mu rubuta su da daɗin rai ba. Muka kuma kafa doka ɗaya: ba za a sake zana komai ba sai an iya buga gem ɗin daga farko har ƙarshe. Mako biyu cur ɗan madugu jan akwati ne, raƙumi akwati ruwan ƙasa, 'yan fashi baƙaƙen ɗigo. Muni kam ya yi muni. Amma da muka sake kiran ƙanwar nan tamu, ta buga minti goma sha biyar ba ta ɗago ba, har ruwanta ya ƙare kafin Damagaram ta ce a bar ta ta sake. A ranar muka gano rijiyoyinmu sun yi nisa da juna, gyaran da ba za mu taɓa gani ba da muna can muna shafa wa raƙumi gashin ido.

Sai a mako biyun ƙarshe aka dawo kan zane. Hotunan tafiya suka koma biyu-biyu, aka rage girmansu, kwamfuta ta daina tsayawa. Babban hoton ɗan madugu kuwa, da askarsa takwas da rawaninsa, muka sa shi a farkon gem, yana kuma fitowa a gefen allo duk sa'ad da yaron ke magana. Hoto ɗaya ne, ba ya motsi, ba ya cin komai, kuma kowa yana ganinsa sarai.

Kada wani ya fahimci cewa muna raina kyau. Ranar taro, wannan hoton ne ya jawo mutane teburinmu tun daga nesa. Wani dattijo cikin iyaye ya tsaya ya ce irin rigar mahaifinsa ce. Amma abin da ya zaunar da yara a kujera har suka yi layi shi ne cinikin goro da tsoron ƙarewar ruwa. Kwalliya ta kira su, wasan ya riƙe su.

Haka abin yake ga manya ma. Cyberpunk 2077, na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan, ya fito a Disamba 2020 da birni mai ɗaukar ido, amma a tsofaffin na'urori kamar PlayStation 4 kurakurai suka yi masa yawa, har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet, bai dawo ba sai Yuni 2021. Undertale kuwa, wanda Toby Fox ya yi kusan shi kaɗai ya fitar a 2015, zanensa kamar na zamanin da, amma ya karɓu a duniya saboda labarinsa, da damar da ya bayar ta gama gem ɗin ba tare da ka kashe kowa ba. A maƙwabciyarmu Kamaru ma, kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion a 2016 da zane na shimfiɗe irin na katun, daidai ƙarfinsa, ya kuma kai shi kasuwar duniya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da muka koya, kowace kwalliya sau biyu ake biyan kuɗinta: da lokacin mai yi, da ƙarfin na'ura. Lokacin da ka ba ta, wani abu ka hana. Mu mun biya aikin riga da gari biyu. Da mun yi lissafin awa 20 ɗin nan tun ranar farko, da wataƙila ɗan madugu ya ga gishirin Bilma.

Muna godiya ga Malam da bai yi mana faɗa ba, da ƙanwarmu da ta faɗi gaskiya ba ta ji kunya ba. Zango mai zuwa za mu ci gaba daga Damagaram zuwa Agadas, kuma da akwatuna za mu fara. Muna neman masu gwaji, musamman 'yan aji ɗaya da biyu. Ku same mu a ɗakin kwamfuta ranar Alhamis bayan an tashi. Sharaɗi ɗaya ne: in abu bai yi ba, ku faɗa mana a fuska.

Daga 'yan kulob ɗin kwamfuta, aji biyar.