Lilon Sallah a Jibiya

Saura kwana tara ƙaramar Sallah Gwaggo ta aiko in je Jibiya in taya ta suyar cincin da dubulan, na ɗauki autarmu muka kama hanya. Daga Katsina babu wani nisa, amma ga azumi ga rana, sai da muka galabaita.

Mun sauka ranar Lahadi, ranar kasuwa, garin ya cika ya batse da 'yan Ɗan Isa da Maraɗi, naira da sefa sai wucewa suke hannu zuwa hannu. Gwaggo ta ce, "'Yar nan, da kin zo lokacin da aka rufe boda a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, da kin ga kasuwa kamar an yi shara." Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe.

Ni dai ba kasuwar ce ta ɗauke min hankali ba. A bayan gidan Gwaggo akwai wani mai walda da ke haɗa lilon Sallah, irin mai juyawa sama da ƙasa ɗin nan. Kullum da la'asar sai na leƙa ta katanga. Ranar farko ƙarafa ne kawai a zube. Ranar uku ya kafa ginshiƙai biyu ya zuba musu siminti, ya gitta ƙarfe a sama, ya sa boris ɗin tsohuwar mota. Kujeru huɗu ya yi, ya shafe su da kore da fari.

Yaronsa ne ya nuna min wani a waya, wai shi ne burin maigidansa. Hasumiya ce doguwa, a ja mutane har ƙoli a sako su kamar an jefa guga a rijiya, sai dab da ƙasa maganaɗisu ya tare su. Tirƙashi! Na san labarin irinta a Orlando ta Amurka, mai tsawon mita 131. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 14 ya suɓuce daga kujerarsa ya mutu, daga baya aka rushe ta.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, don tun zuwanmu Auta ta ƙulle kuɗin hawa a bakin zaninta.

Da safe na yafa gyale na same shi. Na ce, "Malam, don Allah kujerun nan ba za a sa musu sakata ba?" Ya dube ni ya yi murmushi. "Hajiya, ai yara riƙewa suke." Na ce ta gidanmu idan ta ji daɗi tafi take yi. Bai ce komai ba, kunya ta kama ni na dawo gida.

Ana gobe Sallah na leƙa, sai ga sakata a kowace kujera, ya ɗora buhunan yashi yana ta juyawa yana kasa kunne.

Ranar Sallah Auta ce ta fara hawa. Ina ƙasa ina ta salati, ita kuwa tana can sama, ta saki hannu biyu tana tafi tana ihu, "Yaya, wallahi ina hango Nijar!"

Ƙarya take, rufin gidan Gwaggo take hangowa. Na sani, don da yamma da mutane suka ragu ni ma na hau.