Masu Dakon Abin Mamaki



Sa'ad da nake yaro a Nima, wajen ƙarshen shekarun 1990, akwai wani gidan kallon bidiyo a kan hanyarmu ta zuwa Islamiyya. Ba a taɓa yarje mini shiga ba, domin ɗan liman ba ya taka irin wannan wuri, amma ba wanda zai hana ni kallon hoton da ake ratayewa a bakin ƙofa. Da hannu ake zana shi da fenti, a kan buhunan fulawa da aka farke aka ɗinke. Sai ka ga ƙato mai damtse kamar turmi, ko mace mai kan maciji, ko jini yana tsartuwa ta inda jini ba ya fita. Daga baya na ji cewa sau da yawa mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba; bukatarsa kurum mai wucewa ya ja birki. Mu kuwa yara sai mu kwashi labarin hoton mu kai makaranta, kowa da gishirin da zai ƙara, kafin la'asar duk unguwa ta san an kawo sabon fim. Mai gidan bidiyon bai taɓa biyanmu ko kwabo ba.

Gidajen bidiyon sun shuɗe, wayar hannu ta gaji sana'arsu. Babban misali ma daga nan Gana ya fita. A garin Prampram da ke gabas da Akra akwai ƙungiyar masu ɗaukar makara ta Benjamin Aidoo, waɗanda ake biya su saɓa akwatin gawa a kafaɗa suna taka rawa. BBC ta yi rahoto a kansu a 2017. A 2020, lokacin annobar korona, sai wasu suka riƙa yanko hotonsu suna haɗawa da wani kiɗa mai suna Astronomia, suna liƙawa a ƙarshen bidiyon duk wanda ya yi ganganci. Nan da nan abin ya game duniya, har 'yan sandan wasu ƙasashe suka kwaikwayi rawar don jan kunnen jama'a su zauna a gida. A 2022 aka yi gwanjon bidiyon a intanet, aka saye shi a kan fiye da dala miliyan 1.

Me ya ba shi wannan ƙarfi? Ido ya saba da makara, ya kuma saba da rawa, amma bai saba ganinsu a wuri ɗaya ba. Abin da ido ya saba da shi wucewa yake yi. Wanda ya saɓa wa al'ada shi ke tsayar da mutum. Mu da muka tashi muna ganin an yi wa mamaci wanka da likkafani, an sallace shi, an kai shi makwanci a yini guda ba kiɗa ba hayaniya, abin ya fi girgiza mu. To, a nan ne na lura da wani abu da har yau nake jin kunyarsa. A dandalin WhatsApp na danginmu, waɗanda suka fi yaɗa bidiyon ba matasa masu dariya ba ne, dattawa ne masu takaici. Kowa zai tura ya rubuta a ƙasa, "Subhanallahi, ku dubi inda duniya ta kai." Na'urorin kamfanonin sada zumunta irin su Facebook ba su san bambancin mai dariya da mai istigfari ba. Lissafinsu shi ne mutum nawa suka tsaya, nawa suka tura gaba, kuma wannan tsayawar ce suke sayar wa masu talla.

Sai dai ba zan ɗora wa na'ura laifin duka ba. A 2018 masu bincike na jami'ar MIT a Amurka suka wallafa nazarin da suka yi a kan labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter. Sun gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu tura shi da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya kan ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta isa ga mutum 1,500. Dalilin da suka fi karkata gare shi shi ne ƙarya ta fi zuwa da sabon abu, mai sa mamaki ko ƙyama. Mutane ne kuma suka fi yin dakon. Wanda ya riga kowa kawo labari a majalisar shayi yakan ji kansa wani ne, ko da na minti biyar. Na san wannan daɗin, domin na ɗanɗana shi.

Daren Lahadi, wayewar Litinin 18 ga Janairu, 2010, kwana shida bayan girgizar ƙasar Haiti, wani saƙon waya ya zagaya Gana, ana jingina shi ga BBC da hukumar NASA. A cikin daren nan ya rikiɗe a bakin mutane ya zama labarin girgizar ƙasa na tafe. Da ya iso wayata ban tsaya tunani ba, na tura wa duk wanda nake da lambarsa, na bi ƙofofin maƙwabta ina bugawa, sannan na tashi mahaifina.

Ya dube ni ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Baba, an ce BBC ce ta faɗa."

Ya ce, "Kai ka ji da kunnenka?"

Na yi shiru. Amma mata sun riga sun firgita, yara na kuka, ba yadda zai yi. Muka fito da kakata, tsohuwa mai ciwon ƙirji, muka shimfiɗa mata tabarma a bakin titi cikin sanyin hunturu. Daga Nima har Mamobi titi ya cika maƙil, wasu na salati, wasu rungume da jakunkuna. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, a cikin tsoron nan akwai wani farin ciki a zuciyata, duk sa'ad da na ji wani yana cewa, "Ɗan Malam ne ya tashe mu." Ƙasa ba ta motsa ba. Kakata ta yi mako biyu tana tari, har sai da aka kwantar da ita a asibiti.

Bayan sallar asuba mahaifina bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in koma duk ƙofar da na buga in ce ban tabbatar ba na faɗa, in kuma rubuta haka ga duk wanda na tura wa saƙo. Na bi gida-gida kaina a sunkuye. Saƙon farko ya dawo mini sau huɗu a daren nan daga mutane daban-daban, har da waɗanda ni na tura musu. Na biyun kuwa, na gyara, ban ji wanda ya tura shi gaba ba. Mutum ɗaya ne ya amsa, wani abokina a Mamobi, ya rubuto, "To."