Dodoru: Inda Na Gane Bambancin Cika Tumbi Da Ƙoshi

A tsakiyar bazara na isa Dodoru, a ƙaramar hukumar Gwandu ta jihar Kebbi, saura 'yan makonni a yi Babbar Sallah. Gonakin gero da dawa sun zama fili, ba ko kara a tsaye, shanu kuwa na bin kunyoyi suna lasar ƙasa. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne itatuwa da rufin ɗakuna, domin kusan kowane gida ya ɗora damman harawa a sama, inda akuya ba ta kai wa. Baƙo zai ɗauka tarkace ne, amma mai gida ya san asusunsa ne.

A gidan da na sauka akwai wata dattijuwa mai kiwon raguna biyu, 'yan Uda, masu baƙin gaba da farin baya. Da kuɗin adashe ta saye su, tana fatan ribarsu ta yi wa jikarta kayan ɗaki. Na lura ɗaya ya murje, ɗaya kuma cikinsa ya yi tulu amma ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Na ce, "Inna, wannan ko rashin lafiya yake yi?" Ta ce, "Ɗana, lahiya tai lau. Shina ci dare da rana, amma kamar ana zuba wa rame." Da na bincika sai na tarar harawarta ta ƙare tun da wuri, ta keɓe ragowar ga babban, ta bar ƙaramin da yankakken kara da wata dusar shinkafa mai araha.

Abin da ya sami ragon nan sananne ne ga masana kiwo. Tumaki da awaki da shanu ba da kansu suke narkar da ciyawa ba. A cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke farfasa busasshen abinci su mai da shi kuzari. Su ma halittun sai sun sami furotin, wato sinadarin gina jiki, kafin su yi aiki; da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan furotin ɗin abinci ya gaza kimanin kashi 7 cikin 100, narkewa takan yi nawa, abinci ya daɗe a tumbi, dabba ta rage ci, sa'an nan ta koma cin naman jikinta. Busasshen karan dawa da na gero da bambaron shinkafa galibi ba sa wuce kashi 3 zuwa 5. Ke nan ragon Inna yana kwana da cikakken ciki, amma yunwa ce ke cinsa.

Washegari na shiga kasuwa, sashen masu sayar da abincin dabbobi, na duba kayan da wannan ma'auni. Harawar gyaɗa da ta wake sukan ba da furotin kashi 10 zuwa 15, muddin an yanke su da sauran ɗanyensu, an kuma adana su ganyen bai kakkaɓe ba, domin amfanin yana cikin ganyen. Dusar alkama takan kai wajen kashi 15. Dusar masara ba ta kai ta furotin ba, amma tana ba da kuzari sosai. Tunkuzar angurya takan haura kashi 25, ta gyaɗa kuwa ta wuce kashi 40, shi ya sa ɗan kaɗan daga cikinta ke gyara tulin kara. 'Ya'yan gawo, itacen nan da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, su ma sukan kai wajen kashi 10, kuma suna faɗowa daidai lokacin da daji ya bushe. Kanwa da gishiri suna da nasu amfanin, amma ba sa maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai dai a kasuwa ba a sayar da furotin. Ana sayar da buhu da dami da kwano, mai saye kuma girma yake dubawa. Wani mai sayar da dusa ya ɗebo mini iri biyu a tafin hannunsa. Ɗaya laushi gare ta kamar gari, ɗaya kuma tana sukar fata. Ya ce, "Malam, wannan ta biyun ita mutane ke rububi, don ta fi sauƙi." Dusar shinkafa tsantsa abinci ce mai kyau, mai maiƙo, amma ƙananan injinan casa sukan haɗe ta da ƙaiƙayi, shi kuwa ƙaiƙayin shinkafa cike yake da wani sinadari mai kama da yashi wanda dabba ba ta narkar da shi. Wadda ta saye shi don sauƙi ta biya kuɗin abin da zai fita kashi yadda ya shiga. Araha ba ta ado.

Haɗarin bai tsaya ga ƙarancin amfani ba. Tunkuzar gyaɗa da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, wadda kan bi har cikin nono. Angurya ba ta dace da kaji da ƙananan maruƙa ba. Mai gaggawar da ya ɗura wa rago hatsi da yawa rana ɗaya don Sallah ta matso yana iya wayar gari ya tarar cikinsa ya kumbura, wani lokaci har ya mutu. Ƙarin abinci mai ƙarfi a hankali ake yin sa, ba a fafe gora ranar tafiya.

A hanyar komawa na bi ta fadamun Kalgo, inda ake girbin shinkafar rani, na ga hayaƙi na tashi daga tulin bambaro da aka cinna wa wuta. Tun bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, sunan jihar nan ya haɗu da shinkafa, kuma kowane buhu da aka girbe yana barin bambaro mai yawa a gona. Alhali akwai tsohuwar dabara da aka gwada a Indiya da Bangaladash da Sin: a narka kilo 4 na takin yuriya a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na bambaro, a danne, a lulluɓe da leda mako uku, sa'an nan a buɗe ya sha iska. Furotin ɗinsa yakan kusan ninkawa, narkewarsa ta ƙaru. Amma yuriya guba ce idan dabba ta ci ta kai tsaye, don haka aiki ne da ke bukatar a nuna wa mutum da hannu.

A nan ne nake ganin giɓin. Ilimin yana nan: Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, ta shafe shekaru tana auna irin waɗannan abinci, jami'ar jihar Kebbi da ke Aliero kuma tana da tsangayar aikin gona. Abin da ya rage shi ne malamin gona da zai zauna a zauren mai unguwa, da shirin rediyo cikin Hausa, da ɗalibin da zai dawo hutu ya gaya wa kakarsa cewa gara ta raba harawa ga ragunan biyu, ta cika da kara, ta ƙara ɗan kwanon dusa mai kyau, da ta ƙosar da ɗaya ta bar ɗaya.

Kafin na bar Dodoru na saya wa Inna dami biyu na harawar wake. Ta shinshina, ta murza ganyen da yatsu, ta ce, "Wagga an yanke ta da wuri." Ashe ta fi ni sanin harawa, lissafin haɗin kawai ba a taɓa gaya mata ba. Allah Ya sa ƙaramin ragon ya murmure kafin Sallah, jikarta ta shiga ɗaki da mutunci.