Daga Ɗakin Kwamfuta Zuwa Rumfar Gyaran Waya

Akwai wata Talata a farkon watan Fabrairun 2023 da har yau ba ta fita daga raina ba. A lokacin ni ne mai kula da ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare a Kano, da yamma kuma ina gyaran waya a rumfar wani maigidana da ke bakin titin unguwarmu. Kwanakin ƙarancin kuɗi ne, bayan an sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Ga layin mai, ga hazo ya rufe gari. Da na fito bayan sallar Asuba, masu a-daidaita-sahu uku na tsayar, kowanne ya ce shi tsaba yake so, ba ya karɓar tiransfa. Rabin hanyar a ƙafa na yi ta.

Ƙarfe bakwai da kwata na buɗe ɗakin. Kwamfutoci arba'in ne a ciki, kuma a ranar ɗalibanmu na ajin ƙarshe za su yi gwajin jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 aka daina rubuta ta da biro da takarda, ta koma kan kwamfuta baki ɗaya. Na bi su ina kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Tara suka ƙi tashi, wasu sai ƙara suke yi, fuskarsu baƙi ƙirin. Wanda ya san hunturu ya san mai laifin. Ƙura ce ke shiga ta zauna a bakin ƙwaƙwalwar na'ura, ta raba ta da mazauninta. Na kwance su, na hure, na goge bakin kowace ƙwaƙwalwa da abin goge fensir, na mayar. Bakwai suka farfaɗo. Biyun da suka rage akwatin wutarsu ne ya ƙone, abin da na rubuta wa hukumar makaranta tun zangon da ya wuce.

Ban gama ɗaure ta ƙarshe ba aka aiko daga ofishin shugaban makaranta cewa firinta ta cije takarda. Ina zare ta, malamin lissafi ya leƙo ya ce sakamakon da ya shigar jiya ya ɓace. Bai ɓace ba, a wata ma'ajiya ya adana shi ya manta. Daga nan sai ɗalibai biyar suka tsaya a ƙofa da wayoyin iyayensu, rajistar JAMB ta tsaya musu. Tun 2021 ba a yin rajistar sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, ɗalibi ya tura ta zuwa 55019 ko 66019 a aiko masa da lambar da zai sayi fom da ita. Uku ba su da isasshen kati a layin. Ɗaya yayansa ya riga ya yi amfani da layin a bara. Na biyar kuwa sunansa a katin ɗan ƙasa ya saɓa da na takardun makaranta da harafi ɗaya, na ce ya turo mahaifinsa, domin wannan gyara ya fi ƙarfin ɗakina.

Ƙarfe goma aka shigo da rukunin farko. Minti ashirin da farawa aka ɗauke wuta. Batiran da ya kamata su riƙe na'urorin sun daɗe da mutuwa, don haka komai ya mutu lokaci guda, ɗakin ya ɗauki salati. Na ruga wurin janareta, mai gadi ya ce man da ke ciki ba zai kai awa biyu ba. Na je wurin shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, ko dai a samo mai yanzu, ko a ɗaga gwajin." Ya zaro abin da ke aljihunsa ya ba direba, aka sayo galan biyu a hannun 'yan bumburutu da tsadar da ban taɓa gani ba.

A rukuni na biyu ne na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Wata yarinya ce a layin baya, hannuwanta cikin hijabi, ta zuba wa na'urar ido, agogo na tafiya. Na matsa na ce, "Lafiya kuwa? Me ya hana ki farawa?" Ta ce a hankali, "Malam, tsoro nake kada in taɓa in ɓata." Ita ce ke zuwa ta ɗaya a ilimin sinadarai a ajinsu. A ajin ƙarshe aka dawo da ita makarantarmu, kuma a inda ta fito, a kan allo kawai aka taɓa zana mata kwamfuta.

Na jawo kujera na zauna. Na ce ta ƙyale linzamin da ke mata gardama, madannai takwas kacal jarrabawar ke buƙata. A, B, C da D na zaɓen amsa. N ta kai ki tambaya ta gaba, P ta dawo da ke baya, S ta miƙa aiki, R ta komar da ke idan kin fasa miƙawa. Na gaya mata tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowanne daga sauran darussa uku, kuma babu madannin da za ta taɓa na'urar ta lalace. Ta fito da yatsa ɗaya yana rawa ta danna N. Tambaya ta sauya. Ta dube ni, ta sake dannawa. Kafin in zagaya ɗakin in dawo ta amsa goma sha biyu.

Sai wajen ƙarfe uku na samu na yi sallar Azahar, abin karin da na zo da shi kuma yana nan a jaka ban buɗe ba. Na kashe na'urorin, na lulluɓe su da leda saboda ƙura, na kulle. Na biya ta kasuwar waya ta Farm Centre na sayo gilashin waya guda biyu da maigidana ya aike ni, sannan na kama hanyar unguwa.

Bayan Magariba rumfa ta cika. A waɗancan kwanakin waya ta zama aljihun kowa, wanda tasa ta mutu cefanensa ya tsaya. Na canza gilashi biyu, na liƙa bakin caji uku da dalma, idona na yaji saboda hayaƙi. Wajen ƙarfe tara wata tsohuwa ta zo da ƙaramar waya a ƙulle a gefen mayafi. Ta ce, "Ɗan nan, taimake ni. Ɗana ya turo min kuɗin magani daga Fatakwal, wayar kuma ta ƙi kamawa." Na buɗe, na ga datti ne ya toshe bakin cajin. Na wanke shi da ɗan buroshi, na jona, ta kawo haske, saƙon kuɗin ya shigo. Ta fara kwance bakin zane, na ce, "Bar shi, Inna, ba wani aiki ba ne." Ta yi ta sa min albarka har ta tsallaka titi. Sha ɗaya saura na shiga gida, yarana sun yi barci, kamar yadda na bar su da asuba.

Na yi shekara huɗu a kan wannan tsari, domin albashin makaranta ba ya kai ni tsakiyar wata. Ina son aikin, har gobe kuma ina alfahari da shi. Yarinyar nan ta riƙa zuwa ɗakin kwamfuta duk lokacin tara, ta zauna jarrabawarta a watan Afrilu, ta dawo ta ce min hannunta bai yi rawa ba ko sau ɗaya.

Kirana ga masu makarantu da hukumomin ilimi shi ne, sayen kwamfuta a jera a ɗaki somin-taɓi ne. A ware kuɗin gyara da na batir da na sola tun farkon zango. A biya mai kula da ɗakin abin da zai riƙe iyalinsa, don ya zo aiki da safe da cikakken barci a idonsa. Sannan a buɗe wa yara ƙofar ɗakin tun daga aji ɗaya, su taɓa, su yi kuskure, su gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma bai kamata ɗalibi ya fara ɗora yatsa a kan madanni ana saura wata biyu jarrabawar da za ta yanke makomarsa ba.